Sawu a Kan Sharata

Ni na fara ganin sawun, don ni ce mai sharar gidan tarihin. Kullum da yamma in an tashi nakan share tsakar gidan tas, in ja tsintsiya a kan yashi har ya kwanta lumui, saboda Shugaba ya ce baƙi sun fi son wurin da kamar ba a taɓa takawa ba. To ran nan da sassafe Maigadi ya buɗe mini ƙaramar ƙofa yana murtsuke ido, ina sa kai sai na ga an yi mini tafiya a kan shara, layi guda, tun daga ɗakin gadi har bakin ɗakin adana kaya. Na buɗe baki zan yi masifa ke nan na hango ƙofar ɗakin a wangale, sakatar a ɓalle. Na bi ta gindin katanga na leƙa. Ƙofar baya mai kallon kwalta ita ma a buɗe take, akwatin gilashin da ke tsakiyar ɗaki kuwa babu komai a cikinsa.

Majanyin ya tafi. A ido ba wani abin kirki ba ne, tsohon saƙi ne mai ratsin baƙi wanda duk ya koɗe, amma an ce da shi aka goyi mutumin da ya fara sarar daji ya kafa garin nan. Shi baƙi ke cin hanya su zo gani. Mu sauran duk cikon kallo ne. Ga Masaƙi a rumfarsa yana saƙa abin da ba mai sawa, ga kuma Yayana, wanda kowa ke kira Mai Sawu. Mutumin da a da yake bin sawun shanun sata har ya kwana a daji, yanzu an zuba masa yashi a wani ɗan fili, ya juya baya, ɗaya daga cikin baƙi ya taka, shi kuma ya juyo ya faɗi wanda ya taka. Ɗansa tilo ne ke zagayawa da baƙi yana juya musu magana, shi ya sa kowa ke ce masa Tafinta. Ni na raine shi bayan rasuwar uwarsa, ni na yi jinyar ƙyandarsa.

Kafin hantsi unguwa ta cika bakin ƙofa. Ba sai an kira malamin duba ba, kowa ya ga sawun takalmin roba ne irin na damina, da faci a dunduniyar hagu, ga kuma takalman a ajiye a ƙofar ɗakin gadi.

"Ai dama!" in ji wata mata. "Mutumin da ba a san asalinsa ba aka damƙa wa kayan kakanninmu."

"A fito mana da shi!" in ji wani mai ƙaton wuya, wanda ko da wasa bai taɓa sayen tikiti ya ga majanyin ba.

Laifin Maigadi na farko shi ne ba ɗan garin ba ne. Ba shi da kowa sai matarsa mai shanyewar ɓarin jiki. Saje ya zo da babur ya dubi sawu, ya dubi takalmi, ya ce magana ta ƙare: Maigadi ya taka daga ɗakinsa, ya ɓalle sakata, ya ɗauka, ya fice ta baya ya miƙa wa wani, sannan ya zagayo ta titi. Nan take ya ɗana masa ankwa.

Shugaba ya share gumi ya ce, "Saje, muna da mai bin sawu a gidan nan. A bar shi ya duba."

"Mai wasa da baƙi?" Saje ya yi dariya. Amma da ya dubi furfurar Yaya sai ya sassauta. "To, Baba, ga fili. Amma rana tana karkatawa zan tafi da mutumina."

*

Yaya ya tuɓe takalmansa ya bi gefen sawun yana tafiya a duƙe, hannu a baya. Ina biye da shi da tsintsiyata, don ban yarda wani ya taka mini abin da ya rage ba. A tsakiyar gidan akwai tsohon mangwaro, wata saiwarsa ta fito ta gitta hanya, ta sha tuntsurar da baƙi. Nan Yaya ya tsaya. Ya tsuguna ya dubi sawun da ke gaban saiwar, ya dubi na bayanta, ya sake duban na gaba. Ya daɗe har ƙafata ta fara sanyi.

"Jiya kin share nan?"

"Yaya, yaushe na taɓa barin wuri?"

Ya miƙe da ƙyar yana dafa gwiwa, na ga leɓensa ya bushe kamar mai azumi. Tafinta ya taho da sauri ya kama masa hannu.

"Baba, ka ga wani abu?"

"Yashi na gani," in ji shi, ya zare hannunsa.

*

Maigadi na zaune a kan tabarmarsa, hannuwa a haɗe cikin ankwa, idanun nan sun yi jawur.

"Yaushe rabonka da takalman nan?" Yaya ya tambaye shi.

"Tun da ruwa ya ɗauke, Baba. A ƙusa suke rataye bayan ƙofa. Ni ban ma lura babu su ba, sai da safen nan na gan su a ƙasa."

"Ka bar ƙofa?"

Ya sunkuyar da kai. "Da asuba nakan je gida in juya ta, in ba ta ruwa, in share mata jiki. Ba na daɗewa. Nakan ja ƙofar ta kulle kanta, daga ciki kowa zai iya buɗewa, amma daga waje sai da makullina. Da na dawo ban haska tsakar gida ba, na kwanta abina."

"Wa ya san kana fita?"

"Duk ma'aikatan gidan nan sun sani. Ba wanda ya taɓa kai ni ƙara." Ya ɗago kai. "Baba, in suka tafi da ni wa zai juya ta? Bayanta zai yi gyambo. Ko kofi ba ta iya ɗagawa."

Yaya ya sa shi ya tashi ya taka daga tabarma zuwa ƙofa. Yana jan ƙafar hagu tana yin waje, kamar yadda ya saba tun zuwansa. Yaya ya duba ƙasa, ya ce ya koma ya zauna.

Da muka fito na ce, "To ai ka gani, ba tafiyarsa ba ce. Ka faɗa wa Saje mana."

"In na ce ba shi ba ne, zai ce to wane ne."

"Sai ka faɗa."

Ya yi gaba abinsa.

*

Gidan Iya muka nufa. Ita ce tsohuwar da majanyin ya fito daga ɗakinta, kuma kowa ya ji ta a makon da ya wuce tana zage-zage a ofishin Shugaba, wai a ba ta kayanta jikarta ta haihu. Mun tarar da ita a tsakar gida ta miƙe ƙafafu, gwiwoyin sun kumbura sumtum.

"Au, ni kuka zo kamawa?" in ji ta tun kafin mu gama gaisuwa. "Sannunku da aiki. Ku ɗauke ni a baro ku kai ni."

"Iya, tambaya ce kawai."

"Aro suka ce, ɗan nan. Aro! Suka zo da manyan riguna suka ce za a nuna wa duniya. Uwata da shi ta goye ni, ni ma da shi na goyi nawa. Ranar da na je ganinsa yarinyar bakin ƙofa ta ce in sayi tikiti. In sayi tikiti in ga majanyin uwata ta cikin gilashi, an rubuta kada a taɓa! Da ina da ƙafa, wallahi da tuni na sace shi da rana tsaka, in zo in zauna a nan in ga mai ƙwacewa."

Ina jin ta ina gyaɗa kai, don gaskiya ta faɗa. Yaya kuwa idonsa na kan takalman da ke bakin ɗakuna. Ya ce a kira masa 'ya'yanta maza. Suka fito suna hura hanci, ya sa kowanne ya taka a gabansa, ya tsuguna ya auna da tafin hannu. Ya sake sa su suka maimaita. Ni na san Yaya, kallo ɗaya yake wa sawu ya wuce. Ran nan sai ya zama kamar mai neman allura, yana juya ƙasa yana ƙara juyawa. A lokacin na ɗauka tsufa ne ya fara taɓa masa ido.

"Ba su ba ne," ya ce daga ƙarshe, kuma ba da murna ya faɗa ba.

Iya ta bi mu da murya har zaure. "In kun samo shi nan za ku kawo, ba gidan gilashi ba!"

*

Masaƙi na cikin rumfarsa a gidan tarihi, ya haɗa kai da gwiwa, ko zare bai ɗaura ba. Shi ma ana ta raɗe-raɗinsa, don an ga wani baƙo yana yawan zama wurinsa.

"Mai farin gashin nan?" in ji Masaƙi. "Ya yi ta zarya. Cewa ya yi in saƙa masa irin majanyin sak, in tsufar da shi da hayaƙi. Na ce ni saƙa na iya, ban iya ƙarya ba. Ya yi dariya ya ce a ƙasarsu akwai gidan tarihin da ya fi garin nan girma, da na'urar sanyaya ɗaki, a can kaya ba sa lalacewa."

"Yana ina yanzu?"

"An ce motar safe ya bi."

"Da wane harshe kuka yi magana?"

"Haba, Mai Sawu. Ni ina na ji yarensu? Yaronka ne ke juya mana. Bayan na ƙi ma sun daɗe a gindin mangwaro su biyu."

Yaya ya dubi ƙafafun Masaƙi. Faka-faka ne, ko an shafa musu mai ba za su shiga takalmin Maigadi ba. Duk da haka sai da ya sa shi ya gwada, Masaƙi na tura ƙafa yana tsaki.

*

A bayan ɗakin adana kaya akwai ɗan dakali inda nake ajiye kwandon shara. Nan Yaya ya zauna, ya ce in zauna kusa da shi. Rabon da ya ce in zauna kusa da shi tun ranar da muka binne matarsa.

"Sawun nan ba shiga ya yi ba," in ji shi. "Fita ya yi."

"Kamar yaya? Ga bakin takalmi yana kallon ɗaki."

"Da baya aka yi tafiyar. Mai tafiya gaba dunduniya yake fara sawa, ya tura yashi baya. Wannan yatsu ne ke fara sauka, yashin kuma gaba ya zube. Ta ƙofar baya ya shigo da makulli, ya ɗauka, ya ɓalle sakata daga ciki, ya sa takalman da ya ɗauke tun da rana, ya ja da baya har ɗakin gadi lokacin da Maigadi ya tafi gida. Ya ajiye su ya buɗe ƙaramar ƙofa ya fita."

Makullin baya a hannun mutum biyu yake, Shugaba da yaronmu.

"To Shugaba ne!" na ce. "Dama ni ban yarda da mai yawan turare ba."

"Duk wanda ya ja da baya sai ya waiga. In ya waiga ƙafa ɗaya takan karkace, taku ya gajarce, layi ya yi gwame. Wannan bai waiga ba ko sau ɗaya. Da ya zo saiwar nan ma bai taɓa ta ba, ya ɗaga ƙafa ya tsallake ta da baya, cikin duhun asuba. Wa kika sani a gidan nan da ke tafiya da baya a kan hanyar nan kullum?"

Na sani sarai. Mai zagayawa da baƙi ba ya ba su ƙeya. Daga ɗakin adana kaya zuwa bakin ƙofa fuskarsa na kallonsu yake tafiya, yana magana yana nuni da hannu. Sau nawa na tsaya da tsintsiya ina kallonsa ina jin daɗi, ina cewa a raina yaron nan ko ido ne da shi a ƙeya.

Na kama gefen rigar Yaya. "Ka yi shiru. Ka ce ido ya tsufa, ka ce yashi ya ruɗe. Matarsa na da tsohon ciki, Yaya. Shi kaɗai gare ka."

"Na je gidan Iya ina roƙon Allah ya sa ɗaya daga cikin 'ya'yanta ne," ya ce. "Kin ji abin da na roƙa? Ɗan wata nake nema in ba su."

"To ka ce ba Maigadi ba ne kawai, ka tsaya nan."

"Saje ba zai koma hannu wofi ba, unguwa ma ba za ta bari ba. Kin ji su ai." Ya shafa fuska. "Matar Maigadi tana can kwance tana jiran a juya ta."

Na yi kuka, na zage shi, na ce masa zuciyarsa dutse ce. Ya bar ni na gama. Sannan ya miƙe ya ce in je in share masa gefen sawun, layi guda daga ɗaki zuwa ƙofa, kada in taɓa na ainihin. Na share, hawaye na ɗiga a kan yashi.

*

Rana ta karkata. Saje ya fito da Maigadi, Yaya ya ce a tara kowa a gindin mangwaro: Shugaba, Masaƙi, 'ya'yan Iya, da ni. Tafinta na cikin ɗakin adana kaya da wasu baƙi da suka iso da rana, don Shugaba ya ce sata ba ta hana aiki. Mutanen unguwa sun yi cirko-cirko a kan katanga.

Yaya ya nuna musu yadda yatsu suka nutse, yadda yashi ya zube gaba. Saje ya tsuguna ya gani da idonsa, ya daina murmushi.

"Kowa ya ja da baya a kan sabuwar sharar nan," in ji Yaya, "daga ƙofar ɗaki zuwa ɗakin gadi."

Babban ɗan Iya ya fara. Taku kaɗan ya waiga, ya sake waigawa, ya yi gwame kamar mai maye. Ƙanensa ya ci tuntuɓe da saiwa ya zauna daɓas, 'yan katanga suka kwashe da dariya. Masaƙi ya tsaya cak kafin saiwar yana lalube da dunduniya. Maigadi ko rabi bai kai ba, ƙafar hagu ta ja masa dogon layi a ƙasa. Shugaba ya tattare riga ya gwada, saiwar ta cire masa takalmi.

"To saura wa?" in ji Saje.

Yaya ya ce in sake sharewa. Na share. Ya ce kowa ya matsa gefe ya yi shiru.

Sai ga Tafinta ya fito daga ɗaki da baƙinsa. Ya sa farar rigar aikinsa, muryar nan tasa mai daɗi tana tashi, yana nuna musu rumfar saƙa da hannun dama. Fuskarsa na wajensu, ƙafafunsa na tafiya da kansu. Na so in yi tari, in yar da tsintsiya, in yi wani abu da zai sa ya juyo. Yaya ya riƙe mini wuyan hannu har sai da na ji zafi. Yaron ya iso saiwar yana tsakiyar ba su wani labari, ya ɗaga ƙafar dama ya tsallake, ya ɗauke ta hagu, ko numfashi bai sauya ba. Sai da ya kai ƙofa ya sallami baƙi sannan ya juyo, ya ga dukanmu ƙasa muke kallo.

Layi biyu ne kwance gefe da gefe, ɗaya na takalmin roba, ɗaya na takalmin ofis. Tsawon taku ɗaya, inda aka ɗaga ƙafa ɗaya. Ko yaron goye ya ga haka ya gane.

Ya daɗe yana kallon sawun. Sannan ya dubi ubansa.

"Baba, ai da ka kira ni gefe."

"Ina majanyin?"

"Ya tafi da motar safe."

Wata mata a kan katanga ta yi salati. Shugaba ya dafe kai.

"Me ya ba ka?" in ji Yaya.

"Aiki ya ce zai nema mini a can. A gidan tarihi na gaske." Ya ɗaga murya. "Baba, ka san abin da nake gaya musu kullum in mun zo wurinka? Ga na ƙarshen masu bin sawu, ku ɗauki hotonsa kafin ya ƙare. Haka Shugaba ya rubuta mini in haddace. Ga na ƙarshen masaƙa. Ina nuna ubana kamar tsohuwar tukunya, suna tambayata ko kana cin abinci da cokali. Ɗan da za a haifa mini fa, shi kuma na ƙarshen me za a ce da shi? Majanyin nan ko an bar shi asu ne zai cinye shi. Ko mai shi ba a bari ta taɓa."

Wallahi duk abin da ya faɗa na sha faɗinsa a raina ina shara. Ba wanda ya iya cewa ƙarya yake.

"Na ji," in ji Yaya. "Takalmin wannan bawan Allah fa?"

Yaron ya sunkuyar da kai. "Na ɗauka kora kawai za a yi masa."

"Kora kawai."

Saje ya ciro ɗan makulli ya kwance ankwar daga hannun Maigadi. Maigadi bai tsaya jin sauran ba, bai ma yi godiya ba, ya fita da gudu yana jan ƙafa ya nufi gida. Mutanen da suka ce a fito musu da shi da safe suka buɗa masa hanya, ba wanda ya ce masa yi haƙuri. Ankwar ko hucewa ba ta yi ba aka ɗana ta a hannun yaronmu.

"Gwaggo," ya ce da zai hau babur, "ki je wurin matata, kada ta ji a bakin mutane."

Na je. Abin da na tarar da wanda na faɗa, wannan ba na kowa ba ne.

*

Washegari na zo da tsintsiyata, niyyata in fara da layin nan biyu in shafe su daga doron ƙasa. Na tarar an kafa turaku an zagaye su da jar igiya, irin wadda ake zagaye kayan tarihi da ita. Har an kawo kafinta yana auna rumfar kwano, kada ruwa ko iska su taɓa.

"Kada tsintsiyarki ta kusanci nan," in ji Shugaba. "Akwatin can babu komai, dole baƙi su ga wani abu. Wannan kuwa bin sawu ne na gaske, ba wasa ba. Babu gidan tarihin da ke da irinsa."

"Ranka ya daɗe, sawun ɗansa ne."

"Na sani, na kuma tausaya. Amma in baƙi suka daina zuwa, dukanmu gida za mu tafi."

Na ce a raina Yaya ba zai sake taka gidan nan ba. Sai ga shi da hantsi ya shigo da tsohuwar rigarsa. Na tare shi a ƙofa na ce ya koma, ya ce matar yaron haihuwa yau ko gobe, kuma yanzu ba mai kai mata ko ƙwayar hatsi sai shi. Maigadi ya fito ya durƙusa zai gaishe shi, Yaya ya ɗaga masa hannu ya wuce bai dube shi ba.

An samo wani saurayi daga makarantar gari ya riƙe aikin tafinta. Da baƙi suka iso ya kawo su bakin igiya, yana tafe yana waige kada ya faɗi. Yaya ya tsuguna ya nuna musu yatsu, ya nuna yashi, ya nuna saiwa, da murya ɗaya kamar mai karanta sanarwa. Ina tsaye a gindin katanga na rungume tsintsiya, ina jin kamar in cinna wa gidan wuta.

Wata baƙuwa mai faffaɗar hula ta yi tambaya. Saurayin ya ce, "Baba, wai an kama ɓarawon?"

"An kama shi."

Ta sake magana tana murmushi. "Wai da ma ka san shi?"

Yaya ya dubi layin takalmin ofis.

"Ni na koya masa tafiya," ya ce.

Saurayin ya yi turus, ya dube ni, ya dubi Shugaba. Sannan ya juya ya gaya musu wani abu da yarensu. Ban san me ya ce ba, amma sun yi dariya, suka ɗaga wayoyinsu suna ɗaukar Yaya hoto.